Daga Lamorde zuwa Karegoru: ranar da muka rage wa mota iska

  A wannan fitowar mu matan ƙungiyar Lamorde ne ke da magana. Za mu ba ku labarin wata ƴar tafiya da muka yi cikin bazara, ta yini guda tak, wadda saura kaɗan ta cinye mana kuɗin da muka yi wata huɗu muna tarawa. Abin da ya cece mu a ranar ba mu taɓa jin an faɗe shi a wajen taro ba, shi ya sa muka ce bari mu rubuta.

Ga waɗanda ba su san wajenmu ba, Lamorde tana hayin gulbi, a ɓangaren Yamai da Zabarmawa ke kira Harobanda, wato bayan ruwa. Tsohon garin Fulani ne, sunan ma da Fulatanci yana nufin inda sarauta take. Birni ne ya girma ya tarar da shi. Kafin a buɗe gadar Kenedi a 1970, da jirgin ruwa ake ƙetarowa. Yau gadoji uku ne: ta Kenedi, da wadda ƴan Sin suka gina aka buɗe a 2011, da ta Janar Seyni Kountché ta 2021 wadda ta haɗa mu da Gudel. Mutane da yawa sun san Lamorde ne saboda babbar likita da jami'ar Abdu Mumuni. Mu kuwa da muke kwana a ciki, da ruwa da rairayi muka san ta.

Gulbin nan daga duwatsun ƙasar Gine ya taso, ya ratsa Mali, ya wuce mu, ya je ya faɗa teku a Najeriya, tafiyar kilomita wajen 4,200. A Yamai sau biyu yake cika a shekara. Akwai jan ruwa na watan Agusta da Satumba, wanda damina ke kawowa daga Sirba da Dargol da Goruwal da ƙoramun da ke kusa da mu. Akwai kuma ruwan Gine, da ke isowa cikin sanyi, wajen Disamba da Janairu. In aka shiga Mayu da Yuni sai ya janye, ya bar farin rairayi shimfiɗe, tsibirai su fito, Fulani su riƙa ƙetarar da shanu. Iyayenmu suna tuna 1985, shekarar da gulbin ya tsaya cak a Yamai ya daina gudu. Duk damina ƙoramu na kwaso rairayi daga kan tudu suna zubawa a bakinsa. Saboda haka in kika bar kwalta kina son isa lambu a gaɓar ruwa, dole ki taka rairayi, ko da ƙafa ko da amalanke ko da mota.

A taron mako muka yanke shawarar sayen zogale da mangwaro kai tsaye daga lambu, maimakon mu jira dillalai su kawo kasuwar Harobanda su ɗora nasu. Wata daga cikinmu tana da surukai wajen Karegoru, kan hanyar Namaro, inda gonakin shinkafa da lambuna suke jere a bakin gulbi, tuddan rairayi kuma suna bayansu. Ta haɗa mu da wani dattijo mai lambu. Aka buɗe akwati gaban kowa, masu makullai uku duk suna nan, aka fidda jika 60 na kaya da jika 20 na hayar mota, ban da mai. Mu shida aka zaɓa. Kun san nauyin wannan. In kuɗinki ne suka faɗi, ke da mijinki ne za ku yi ta. Waɗannan kuwa na mata 28 ne, cikinsu akwai wadda sai ta sayar da ƙuli-ƙuli mako guda kafin ta haɗa zubinta.

Motar da muka samu tsohuwar Hilux ce mai buɗaɗɗen baya, irin wadda ake ce wa kat-kat don ƙafafunta huɗu duk suna ja. Direban dattijo ne, mai furfura a gemu, ya ce ya yi shekaru yana bin hanyar Agadas zuwa Dirku kafin ƙarfi ya ragu ya dawo gida. Baba muka riƙa ce masa. Muka tashi bayan sallar asuba, muka wuce gindin sabuwar gada, gulbi yana hannun damarmu. Masu wanki sun riga sun fara shanya, masunta suna jawo koma. Can sai tuddan Karegoru suka bayyana, jajaye, waɗanda mutanen birni ke zuwa hawa ranar Lahadi. Daga nan muka sauka daga kwalta muka bi wata ƴar hanyar amalanke. Ba mu yi nisa ba ta ƙare a bakin wata ƙorama busasshiya mai faɗi. Lambun yana can hayi, ana hango koren mangwaro. Tsakaninmu da shi rairayi ne zalla.

Baba ya tsayar da mota tun tana kan ƙasa mai tauri. Ya sauko, ya murɗa wani abu a tsakiyar ƙafafun gaba, sannan ya tsuguna ya fiddo tsinken ashana ya danna ɗan bakin da ake hura wa taya iska. Sai muka ji tsiiii.

Ma'ajiyarmu, wadda ba a yi mata wasa da kuɗi, ta diro daga mota da zane a hannu.

"Baba, lafiya? Taya mai kyau kake sacewa? Wallahi mu ba mu da kuɗin faci. Jika 20 muka yi da kai, ko dala ba za ta ƙaru ba."

Ya yi dariya har yana tari. Ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki. Motata ce, ni ma ba na son ta lalace. Kin taɓa zuwa biki da takalmi mai tsini a unguwa mai rairayi?"

Ta ce ta taɓa.

"To yaya kika ƙare?"

"Cire shi na yi na riƙe a hannu."

"Yawwa. Taya mai cike da iska, takalmi mai tsini ce. Silifa nake so in sa wa motar."

Bai bar mu da misali kawai ba, ya nuna mana. Direbobi da kilo suke auna iskar taya. Ya ce a kan kwalta ƙafafun gaba suna da kilo 2 da rabi, na baya wajen kilo 3 saboda kaya. A haka wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce tafin hannu ba, nauyin mota duka a kan tafin hannu huɗu yake. A kwalta wannan ne ake so. A rairayi kuwa sai tayar ta nutse, ta tara rairayi a gabanta kamar ɗan tudu, mota ta zama kullum tana hawan tudun da ita ce ke gina shi. In aka rage iska zuwa kilo 1 da rabi, tayar takan yi tumbi ta kwanta, wurin da ke taɓa ƙasa ya ƙara tsawo, kusan ninki biyu. Nauyi ya bazu, mota ta bi ta sama. Ya fiddo ɗan ma'auni kamar alƙalami daga aljihu ya gwada kowace ƙafa, don kada wata ta fi wata. Ya ce mu dubi sawun raƙumi mu dubi na jaki, mu gaya masa wanne ne ke shan wahala a jigawa.

Muka hau. Ya sa giya ta biyu, ya bi sawun wata mota da ta riga mu, bai ƙara wuta ba bai rage ba. Motar ta riƙa lilo a hankali kamar jirgin ruwa. Kafin mu gama salati mun isa hayi. Ma'ajiya ta ce, "Baba, ka yafe ni." Ya ce ba komai, gani ya kori ji.

Mai lambu ya tarbe mu da "fofo, fofo", aka shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro, aka kawo fura da nono. Wurin yana da daɗi, ƴan uwa. Injin ban ruwa yana ta ƙara a bakin gulbi, zogale ya yi layi-layi har iya ganinki, ga yalo, ga tattasai, ga rogo. Gulbin ya ja baya sosai, tsakaninsa da shingen lambu akwai filin rairayi fari fat. Yaran gidan suka nuna mana sawun dorina a gefen ruwa, suka ce da dare take fitowa, in ta shiga gonar shinkafa sai dai haƙuri. Wata a cikinmu ta ce wa Baba me zai hana in za mu koma ya bi gefen ruwa, tunda rairayin can a jiƙe yake kuma ya fi tauri. Ya ce gaskiya ne ya fi tauri, amma a gulbi ba ka san abin da ke ƙarƙashi ba. Sau da yawa rairayin ɗan kaɗan ne a sama, taɓo ne a ƙasa. Rairayi ana tonawa a fita. Taɓo sai an nemo wata motar ta ja ka. Ya ce a bakin teku ma haka ake yi da taya. A Muritaniya, kafin a yi kwalta tsakanin Nuwakshot da Nuwadibu, ta gaɓar teku motoci ke bi in ruwa ya janye, wanda ya makara kuwa ruwa ya dawo ya tarar da shi.

Laifinmu ɗaya a ranar: mun daɗe. Baba ya ce tun safe a gama kafin rana ta take, don rairayin safiya yana da sanyi da ɗan laima, yana riƙe mota, na rana kuwa ya bushe ya saki kamar gari. Muka ce to. Amma kun san ciniki. Sai an tsinke, sai an auna, sai an ƙirga, sai an yi gardamar mangwaro nunanne da ɗanye. Ba mu ɗaure kaya ba sai bayan azahar: buhu 20 na zogale, kwando 12 na mangwaro, ga mu shida a kai.

Mun kai tsakiyar ƙorama ke nan sai ga amalanken shanu ya fito daga bayan sabara ya tare sawun da muke bi. Dole Baba ya taka birki. Da ya zo tashi, ƙafafun baya suka juya sau biyu a wuri guda, motar ta zauna. Nan da nan ya ɗauke ƙafarsa ya kashe inji.

Mu kuwa hankali ya tashi. Rana tana dukan buhuna, kuma duk mai sana'ar zogale ta san abin da zafi ke yi wa ɗanyen ganye a cikin buhu: ya ɗau zafi, ya yi ruwan ɗorawa, ya fara wari. Ga shi zamanin nan ba mai son magariba ta same shi a wajen gari a hayin nan. Muka sauko muka dafa mota muna cewa, "Baba, ba ta wuta! Mu za mu tura!"

Ya ce, "Iyayena, in na ba ta wuta kabarinta za ta tona. Yanzu taya ce kawai ta shiga. In cikin motar ya kwanta a kan rairayi, nan za mu kwana."

Ga abin da ya sa muka yi. Muka sauke kwanduna shida da buhu takwas muka kai inuwar wata bedi, muka lulluɓe su da zannuwa da muka jiƙa. Yaron mota ya ɗauko shebur, mu muka sa hannu da ƙoƙo, aka kwashe rairayin da ya taru gaba da bayan kowace taya har hanya ta yi sulɓi. Rairayin yana ƙuna kamar an soya gyaɗa a ciki. Baba ya sake tsugunawa da tsinkensa, ya mai da iskar kilo 1. Ya ce daga nan ba ya ƙara ragewa, don in ta yi ƙasa da haka, ga kaya, taya na iya zamewa daga kan ƙarfenta, wanda suke ce wa janta, iskar duka ta fice lokaci guda. Ya ce a hanyar Dirku faranta na ƙarfe suke ɗauka don irin wannan. Mu ba mu da su, sai muka ba da tabarmin da muka zo da su, aka haɗa da rassan sabara aka cusa a bayan tayoyi. Ya miƙe sitiyari sosai, ya sa giyar baya, ya koma ta kan sawunsa a hankali kamar mai jan akuya. Motar ta hau tabarmi ta fito. Ya sake yin gaba da baya sau biyu don ya danne wurin, sannan ya ɗauki hanya bai tsaya ba sai da ya taka ƙasa mai tauri. Kayan da muka sauke, a ka muka kai su. Guɗa muka yi a tsakiyar ƙoramar nan, har mai amalanke yana dariya.

Mun ɗauka an gama. Da muka zo bakin kwalta Baba ya sake tsayawa. Ya ce yanzu ne haɗari yake. Taya maras iska a kan kwalta mai zafi, ga kaya, ga gudu, gefenta yana lanƙwasa yana miƙewa har ta yi zafi ta fashe. Birki ba ya kamawa yadda ya saba, kwana kuma na iya kifar da mota. Ya ce mutane da yawa sun iya rage iska, mayarwa ce suke wa kasala, su ce bari in lallaɓa zuwa gari, sai a ji labari. Ya jawo famfon ƙafa daga ƙarƙashin kujera. Yaron mota ya fara, bai gama taya guda ba ya jiƙe sharkaf. Sai wata tsohuwarmu ta ɗaure zane ta ce, "Matsa, ɗana. Wannan ai daka ne." Muka yi layi, kowace ta taka hamsin ta ba ta bayanta, muna ƙirgawa da ƙarfi. Mun fi rabin awa. Da ƙafafun suka kai kilo 2 ya ce ya isa a tafi sannu. Muka lallaɓa har wurin mai faci na farko a bakin gari, aka cika su da inji, muka biya dala 80. Ana kiran magariba muna sauke kaya a Lamorde.

Ga lissafi, tunda amana ce. Buhu 3 na zogale sun lalace, na ƙasa waɗanda suka sha zafin ƙarfen mota, awaki muka ba. Tabarma biyu sun yage, an biya masu su daga kuɗin tara. Sauran mun sayar, wani ɗanye a kasuwa, wani dafaffe da ƙuli, wani mun shanya a inuwa. Uwar kuɗi ta koma akwati, da riba ƴar kaɗan. Da Baba ya biye mana ya ba mota wuta, da ba wannan labarin kuke karantawa ba.

A taron da ya biyo baya, da muka ba da labari, sakatariyarmu ta ce wannan ai mun taɓa yin sa, ba da mota ba. Ta tuna mana 2020. A watan Satumba na shekarar gulbi ya kai mita 7 a Yamai, abin da ba a taɓa aunawa ba, ya fasa ganuwar ƙasar da ta tare shi, ya shigo Lamorde. Gidajen laka suka narke, da yawanmu muka kwana a azuzuwan makaranta. A lokacin zubinmu dala 100 ne a mako, wato sefa 500. Wasu suka ce a riƙe doka, wadda ba ta kawo ba a ci ta tara, in ba haka ba asusu zai mutu. Da mun yi haka da rabin mata sun gudu don kunya. Sai muka mai da zubi dala 20, muka ɗage biyan bashi, muka ce ko ba ki da ko sisi ki zo ki zauna. Ba mu rasa mace ko guda ba. Amma ba mu sa ranar komawa ba. Ruwa ya janye, an sake gini, kasuwa ta dawo, mu muna nan a dala 20 don ta yi mana daɗi. Sai da aka zo rabo kowace ta ga abin da ta samu bai sayi buhun gero ba, wasu suka fara cewa asusun ba ya da amfani. Da kyar muka koma, dala 50 tukuna, sannan 100. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, ƙungiyoyi nawa ne suka shiga irin wannan hali, na fari ko na ambaliya ko na gudun hijira? Mu dai yanzu mun rubuta a littafi: duk ranar da aka sassauta zubi, a ranar za a faɗi watan da za a mayar da shi.

Ga masu niyyar hayar mota zuwa lambu ko kasuwar ƙauye inda akwai rairayi, ku yi wa direba tambaya tun a gida. Yana da famfo, kuma yana aiki? A gwada a gabanku. Yana da shebur, da igiya, da tayar canji mai iska? Ya taɓa bin hanyar? Ku yi magana a fili, gaban shaidu, wa zai biya in taya ta fashe. Ku tafi da tsofaffin tabarmi da ruwa fiye da wanda kuke zaton za ku sha. Ku shiga rairayi da sassafe, ku fito kafin rana ta yi tsaka, ko da ciniki bai ƙare ba. In kuka ga hadari ya haɗo, ko da can nesa ne, kada ku yarda a tsaya cikin ƙorama, don ruwanta daga tudu yake zuwa ba sallama. In mota ta kafe, kada ku matsa wa direba ya ƙara wuta, ku sauka ku rage mata kaya. Masu babur da masu amalanke mai tayar mota su ma dubarar tana yi musu, ku gaya wa mazanku da ƴaƴanku, ku kuma gaya musu su mayar da iska kafin su hau kwalta.

Ƙungiyar ta riga ta sayi nata famfon ƙafa. Yana ajiye gidan ma'ajiya, kusa da akwati. In wata ƙungiya a Harobanda tana da tafiya, ta aiko a ara mata, a dawo da shi lafiya.